Ranar da Malam Ya Kira Sunana

Ku uku nake rubuta wa wannan, amma kowa ya san inda na dosa. Tun ranar sunan 'yar Binta, 'yar uwar nan tamu, a garin Sundimina babban yayanku ya canza mini. Da, in ya zo gaishe ni, shigowa yake ya zauna a bakin gado, ya janyo kwanon da na ci na rage ya ƙarasa. Yanzu daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya ce Hajiya an yini lafiya, ya miƙe kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Na san dalili, ni ba yarinya ba ce. An kunna mini wa'azinsa a waya, na ji shi da kunnena yana cewa duk macen da aka cire mata ciki, ko da wane dalili ne, ta yi kisan kai, malamin da ya halatta mata kuma ya sayar da addininsa. Na kuma samu labari cewa a wurin sunan nan, wani jikan Baffa Haladu ƙanen mahaifina, yaron da bakinsa ba linzami, ya ce masa in wa'azi yake ji ya fara da uwarsa da kakansa. To, yaron bai yi ƙarya ba. An cire mini ciki, kuma mahaifina ne ya ba da fatawar. Sai dai an ba ku wutsiyar labari an riƙe kan, ni kuwa ina wurin, don haka ku zauna ku ji.

Ba ku san Malam sosai ba, kuna ƙanana ya rasu. Dogo ne siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, ya fi shekara arba'in yana ba da karatu a zauren gidanmu na Gwaram, kuma shi ke tafsirin azumi a masallacin unguwa. Ni ce 'yar farinsa, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka raɗa mini suna a kunne bai sake furta shi ba. Bai taɓa ɗaukata ba, bai taɓa zama inda nake zaune ba, in muka yi kiciɓis a soro sai ya mai da idonsa kan bango har in wuce. Ina ƙarama yakan ce "yarinyar nan", da na yi aure aka kai ni Birnin Kudu sai na koma "mutanen Birnin Kudu". In babanku ya zo gaishe shi sai ya ce, ya mutanen Birnin Kudu, suna lafiya? Shi ke nan an tambayi lafiyata. Inna ma haka take, sai dai ita takan saci ido ta dube ni. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanen Malam, Baffa Haladu, da gidansa ke jingine da namu. Shi ya goya ni a wuya, shi ya riƙe hannuna na fara rubutu a allo, shi ke ɓoye mini ƙuli-ƙuli a aljihu. In kuka tambaye ni a lokacin wane ne yake sona a duniya, Baffa zan ce ba tare da na yi tunani ba. Malam kuwa tsoronsa nake ji, kuma wallahi akwai shekarun da na ɗauka bai damu da ni ba.

Babanku ɗalibin Malam ne, Allah Ya ji ƙansa, mutumin kirki mai sanyin hali, wanda ko akuya zai saya sai ya ji ta bakin malaminsa. Da na haifi yayanku na koma gida wanka kamar kowace mace: ruwan zafi safe da yamma, gado mai wuta a ƙarƙashi, kunun kanwa har ya fita ta hanci. Kafin a yi arba'in ƙafafuna suka kumbura, numfashi ya fara gagarata. A asibitin Birnin Kudu likita ya ce zuciyata ce ta raunana, ya ba ni magani, ya ja babanku gefe ya ce kada in sake ɗaukar ciki sai an yi shekaru. Babanku ya ce to, ya haɗiye maganar, don yana jin nauyin ya faɗa mini. Yaro na da wata takwas na yi kwanika. Kun san yadda mata ke yi da mai kwanika, ga dariya a bayan mayafi, ga habaici a bakin rijiya, aka fizge yaron daga nono ba shiri. Wannan duk da sauƙi. Da cikin ya kai wata uku kumburin ya dawo har cinya, ba na iya kwanciya sai a jingine, in na taka daga ɗaki zuwa madafa sai in ji kamar na yi noman kadada. Aka koma asibiti, likita ya sake jan babanku gefe, suka daɗe. Da ya fito idonsa ja, ya ce mini za mu je Gwaram in ɗan canza iska.

Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Da muka isa Inna ta gyara mini ɗakinta, sai saƙo ya zo daga zaure cewa Malam ya ce a shimfiɗa wa mutanen Birnin Kudu a ɗakin baƙi, wai ya fi iska. Ɗakin nan bango ɗaya ne tsakaninsa da zaure, kuma a saman bangon akwai 'yar kafa da aka bari. Aka jera mini matasai na jingina. Bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, na ji su uku sun zauna: Malam, da Baffa, da babanku. A nan na fara jin abin da likita ya faɗa, ta kafar bango, kamar labarin wata mata. Zuciyata ba za ta ɗauki cikin ba. In aka bar shi, da wuya in kai haihuwa. Shawararsa a cire, kuma kada a wuce mako guda, sai dai ba za a taɓa ni ba sai miji ya sa hannu, miji kuma ga shi ya zo neman fatawa.

Baffa ne ya fara magana.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kai da ka yi karatu a zauren nan, ka ɗauko wannan magana ka kawo mana? Tun yaushe likita ya san gaibu? Mata nawa suka yanke wa mutuwa, ga su can suna daka a tsakar gida?"

Daga nan sai ya juya Larabci, yadda malamai ke yi in ba sa son na cikin gida su gane. Ya kawo ayar da ta hana kashe 'ya'ya, ya kawo maganar malaman mazhabarmu cewa da zarar mahaifa ta riƙe abu ba a taɓa shi. Ni Larabcina bai taka kara ya karya ba, in ana gudu ba na kamawa. Amma ga wani abu: duk jumlar da Baffa ya kai ƙarshenta, sai in ji Malam ya maimaita ta da Hausa, a hankali, da ɗan ɗaga murya, daidai yadda yake yi in ɗalibi na ja masa baƙi yana fassarawa. Na ce a raina, oh, sabo, tsoho ya saba da ba da karatu har ba ya iya jin Larabci ya ƙyale. Shi kansa bai faɗi ra'ayinsa ba ranar. Tambaya biyu kawai ya yi, kwanan cikin nawa, kuma yaushe aka ce a koma. Da aka ba shi amsa ya ce to, ya tashi.

Washegari ɗalibai suka zo da littattafansu suka tarar ba Malam, abin da ba a taɓa gani ba in ba ranar da ya binne mahaifiyarsa ba. Ashe tun da sassafe ya tasa babanku a gaba sun shiga motar Birnin Kudu cikin yayyafi. Babanku ya ba ni labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kullum sai ya share ido. Ya ce Malam ya zauna a kan benci cikin layin marasa lafiya, wani ma'aikaci da ya gane shi ya zo zai shigar da shi, ya ce a'a, waɗannan sun riga shi. Da layi ya zo kansa ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga zauren karatu, ya ce wa likitan, wanda a haife Malam ya haife shi:

"Ɗana, yau ni ne ɗalibi. Zana mini zuciyar nan a takarda, ka nuna mini inda ta gaza."

Likita ya zana, Malam ya yi ta tambaya har sai da ya gane. Sannan ya ce masa, ka tabbata za ta mutu? Likitan ya ce shi bai san gaibu ba, rai na hannun Allah, amma irinta da ya gani kaɗan ne suka kai, kuma sau da yawa uwa da ɗa ake rasawa tare. Malam ya ce da ka ce mini ka tabbata da na tashi na tafi, amma tunda ka san iyakarka zan saurare ka. Bai tsaya nan ba. Ya ce a nemo masa wani likitan, aka samo wata mace, ya sa na farkon ya fita, ya yi mata tambayoyin daga farko, yadda alƙali ke raba shaidu. Da bakinsu ya zo ɗaya ya yi godiya, ya sa takalminsa. Suka kamo hanyar Gwaram.

Rana ta uku da hantsi aka yi ta ta ƙare. Ni dai ina jingine, Inna na yi mini fifita tana yi kamar ba ta ji. Baffa ya zo da shirinsa, na ji ƙarar gafakar littattafai da ya ajiye. Ya kawo hadisin nan da kowane ɗalibi ya sani, na yadda ake halittar mutum a ciki kwana arba'in-arba'in, har a aiko mala'ika ya rubuta arzikinsa da ajalinsa. Malam ya fassara, kamar shekaranjiya. Sai Baffa ya ce da Hausa:

"To ka gani, Yaya. Nata ajalin an rubuta tun tana cikin uwarta. In an rubuta wannan cikin ne ajalinta, wuƙar likita ba za ta ƙara mata numfashi ɗaya ba. In kuma an rubuta za ta rayu, mun zubar da ɗa a banza, mun ɗauki zunubi. Ta kowace fuska tawakkali ya fi."

"Haladu, ɗaga kanka ka dubi rufin nan," in ji Malam. "Bara da azarar can ta tsage ana tsakar ruwa, wa ya kori ɗalibai waje, ya aika a kira magini?"

"Ni ne."

"Me ya hana ka zauna a ƙarƙashinta ka ce in an rubuta za ta faɗo mana ba makawa? An rubuta, wannan gaskiya ne, wanda ya musa ya bar addini. Amma ni da kai ba a miƙo mana takardar mun karanta ba. Abin da aka miƙo mana ido ne, da hankali, da umarni. A kansu za a tambaye mu."

"Azara ba ta da rai, Yaya."

"Ba ta da shi. Hadisin da ka kawo kuma shi ne ya faɗi lokacin da ake busa rai, bayan arba'in uku, wannan kuwa bai kai ba. Ban ce ba komai ba ne. Yana da alfarma, wadda ta taɓa shi don son rai ko gudun surutu ta yi laifi babba, a nan ni da kai ba mu rabu ba. Amma ayar da ka ja shekaranjiya, ƙarasa ta. Saboda tsoron me aka ce kada a kashe su?"

Baffa ya ce talauci.

"Mu talauci muke tsoro? Kuma ina ka baro wadda ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta?"

"Wannan a kan shayarwa take magana, kai ka karantar da ni!"

"Gaskiyarka, a kan shayarwa take. To Ubangijin da bai yarda a cutar da ita a kan nono ba, Shi ne zai yarda a kan ranta? In cuta biyu suka haɗu ba yadda za a kauce wa duka, ƙaramar ake ɗauka. Ba a sare itace don a ceci reshe, balle reshen da in itacen ya faɗi tare za su bushe."

Sai na ji Baffa ya faɗi maganar da na san har ya koma ga Allah yana da-na-saninta.

"Ka ji tsoron Allah, Yaya. Don 'yarka ce."

Fifitar Inna ta tsaya cak. Ni kaina na riƙe ɗan numfashin da ya rage mini, don ba a taɓa haɗa Malam da kalmar nan a gabansa ba.

"Da 'yar wani ce," in ji Malam, "da tun shekaranjiya na ba da amsa kafin mijinta ya gama gyara zama. Don tawa ce na yi kwana uku ina tuhumar zuciyata."

Sai Baffa ya fashe da kuka, babban mutum mai furfura, kuka har da shessheƙa. Yana cewa shi ya goya ni, shi ya san ranar da haƙorina ya fara fita, ana zaton so yake in mutu? Shi tsoronsa kada a cece ni shekara talatin a duniya a jefa ni wuta har abada. Ku riƙe wannan da kyau, don ban yarda wani cikinku ya zagi Baffa ba ko bayan raina. Sona ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, kuma abin da ya karanta ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba.

Malam ya bari sai da ya lafa, sannan ya ce:

"Fatawata ita ce ya halatta saboda lalura, kuma in kuskure ne a wuyana yake. Amma halatta daban, zaɓi daban. Kwana uku muna ja-in-ja a kan ko bawa yana da zaɓi, ga baiwar Allah can a bayan bango, jikin nata ne, ran nata ne, ita za ta tsaya gaban Ubangiji, ba wanda ya ce mata ke me kika gani."

Babanku ya ce shi dai ba zai iya tambayata ba. Baffa ya ce sai a sa uwarta, alhali ya san Inna ba za ta iya haɗa ido da ni ba balle wannan magana. Ban ji amsar Malam ba, ƙarar takalminsa kawai na ji, ta fita daga zaure, ta zagayo ta soro, ta tsaya a ƙofar ɗakin da nake. Ya yi sallama. Inna ta rasa inda za ta sa kanta, ta ja mayafi ta rufe fuska ta manne a kusurwa. Ya shigo ya zauna a ƙasa, ba tabarma ba buzu, ya fara kallon bango kamar yadda ya saba. Sai ya juyo ya dube ni sosai, ido cikin ido.

"Ramlatu."

Shekarata ashirin da biyu a duniya ban taɓa jin yadda sunana yake a bakin ubana ba. Ashe a hankali yake faɗinsa, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Sai hawaye suka fara zubo mini. A lokacin na san mutumin nan yana sona, kuma ya daɗe yana sona, ni ce ban iya karatun ba.

Da na samu bakin magana na ce, Malam, na ji komai.

"Na san kin ji. Ni na ce a shimfiɗa miki a nan."

Kun ji fa. Ashe fassarar nan da nake cewa sabo ne, ni ake yi wa. Kwana uku yana ba ni karatu ta kafar bango, don kunya ta hana shi zuwa, amana kuma ta hana shi bari a yanke mini hukunci cikin harshen da ba na ji. Da ya ga kafar bango ba ta isa ba, sai ya ajiye kunyar ya tako da ƙafarsa. Ya sake jero mini maganar tun daga farko, kuma wallahi ya faɗi hujjar Baffa fiye da yadda Baffa ya faɗe ta, bai rage mata ƙarfi ko kaɗan ba. Ya ce in na zaɓi in riƙe cikin in dogara ga Allah, ba zai ce na kashe kaina ba, akwai malamai a bayana. In na zaɓi a cire, ba zai ce na yi kisa ba, shi da kansa zai tsaya a gabana duniya da lahira. Na ce, Malam, in kai ne wanne za ka ɗauka? Sai ya ce:

"Ni uba ne, ba a karɓar shaidata a nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki yi istihara, gobe ki faɗa wa mijinki."

Kada ku ɗauka da ya fita na yi murna. Da an yanke mini da ya fi mini sauƙi, in ya so in ce su suka yi. Ina son cikin nan, na riga na fara yi masa suna a raina. Ina tsoron wuta, ina kuma tsoron kabari, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba. Na yi istihara a zaune, ban ga komai a mafarki ba. Da safe matar Baffa ta shigo da yayanku, wanda ke hannunta tun da muka zo. Watansa goma sha ɗaya, tun da aka cire shi a nono yake ƙin kunu, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Ta ajiye shi a ƙasa, ya rarrafo ya kama ƙafata mai kumburi, ya ɗago yana dubana, bai ma yi kuka ba. Ni kuma ga mutane a ɗaki, ɗan fari ne, ba halin in ɗauke shi. Na dube shi na tuna marayun da na sani a unguwa, yadda ake ba su tuwo a murfin kwano. Na ce a raina wancan ban san shi ba tukuna, Allah Ya san shi, wannan kuwa an riga an damƙa mini shi a hannu. Na ce a kira mini babanku, na ce masa a kai ni. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tura ni.

Aka yi aikin, na zubar da jini da yawa, aka ce sai an ƙara mini. Na babanku bai yi daidai ba, na Malam an ce ya tsufa. Ana cikin neman mafita sai ga Baffa a farfajiyar asibiti, ya biyo motar da ke bayanmu ba wanda ya sani. Ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa, aka gwada ya yi. Da na farfaɗo ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Ban yarda ba, Ramlatu, kuma ba zan yarda ba. Allah Ya ba ki lafiya."

Ya juya ya tafi. Don haka jinin da ke yawo a jikina, wanda ku biyun ƙanana kuka kwanta a cikinsa bayan shekara shida da zuciyata ta warke, har da na mutumin da ya ce haramun ne.

Abin bai tafi a banza ba. Magana ta fita, don ba a ɓoye irin wannan a gari. Aka ce gidan malamai an zubar da ciki, aka ce Malam ya bi likitoci ya bar littafi. Ɗalibai da dama suka naɗe buzunsu, Baffa ya mai da karatunsa garin Maruta, shekara bakwai bai zauna a zauren nan ba, ko da yake duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa ya gai da yayansa. Azumin shekarar aka ba wani tafsiri, aka ce Malam ya huta. Ranar farko ya ɗauki buzunsa ya je ya zauna a sahun gaba yana sauraron wanda ya gaje shi, yaron da shi ya koya wa alif. Bai taɓa kare kansa a bainar jama'a ba, don kare kansa sai ya buɗe sirrina. Ni kuma nawa kason ina ɗauke da shi har yau. Duk damina in gero ya fitar da kai sai na lissafa shekarun da wancan ɗan zai yi, in yi masa addu'a, in nemi gafara ko da na yi kuskure. Ban taɓa cewa abin alfahari na yi ba. Zaɓi aka ba ni tsakanin ɗaci biyu, na ɗauki ɗaya, kuma in aka mai da ni ɗakin nan shi zan sake ɗauka.

Malam bai sake kiran sunana ba. Ina warkewa na koma mutanen Birnin Kudu, a haka ya rasu. Ban ji haushi ba, sau ɗayan nan ya ishe ni har in mutu.

Saura kai, babban yaya. Ban ce ka bar karatunka ba, ban ce ka bi fatawar kakanka ba. In ra'ayin Baffa ka ɗauka, ka ɗauki na mutumin kirki, amma ka ɗauka duka, har da naɗe hannun rigar. Kafin ka sake hawa mumbari ka kira wata mai kisan kai, ka cire takalminka ka je ka tambaya, yadda wanda ya fi ka karatu ya yi. Ka san ban taɓa kiran sunanka ba. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma babanka ya sa maka sunan Malam, kunya biyu ta haɗu a kanka, shi ya sa kake Abba a bakin kowa, a bakina kuma "wannan yaron". Wataƙila kai ma akwai shekarun da ka ɗauka ban damu da kai ba. To na koya a wurin ubana cewa akwai ranar da ake ajiye kunya a tako da ƙafa.

Mu'azu. Kai ne ka kama ƙafata ranar nan, kuma dominka na zauna. In ka zo ranar Juma'a ka shigo ciki, zan rage maka tuwo a kwano.